Fita teku da 'yan fashin Brixham: tuƙin ya ci kuɗinsa, abincin ya ɓata mini rai

Hutun farkon watan Mayu muka kwashi yara muka tafi Brixham, garin masuntan nan da ke gaɓar Devon a kudu maso yammacin Ingila, saboda bikin 'yan fashin teku da suke yi duk shekara. Ba bikin nake wa sharhi ba. Abin da na biya wa kuɗi shi ne fita teku a wani tsohon jirgin katako mai tafiya da iska, wanda ma'aikatansa ke shiga irin ta 'yan fashin ƙarni na 18. Kun dai san yadda kuɗin irin wannan fita yake, balle mai iyali.

Na shiga jirgin ba da wani ɗoki ba. A bakin tasha mun riga mun ga dubban mutane da hular kwali da takobin roba suna ɗaukar hoto a gaban kwafin Golden Hind, jirgin da Francis Drake ya zagaya duniya da shi daga 1577 zuwa 1580, sai na ɗauka irin wannan wasan za a ci gaba da yi a kan ruwa. Ashe ba haka ba ne.

Muna wuce katangar da ke tare igiyar ruwa, kyaftin ya kashe inji. Ya ce duk mai hannu biyu ya taso, don babu na'urar da za ta ɗaga mana ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgin. Aka raba mu layi biyu, kowane layi da igiyarsa, domin sandar da ke riƙe saman babban ƙyallen sai an ɗaga gindinta da bakinta tare, in ɗaya ya riga ɗaya sai ta cije a jikin jigo. Wani dattijo mai farin gemu yana ba da waƙa, mu muna amsawa muna ja a kan amshin. Wallahi nauyin ya wuce yadda ido ke gani. Tafin hannuna ya yi ja, kafaɗa ta ɗau zafi, ga ƙyallen yana tashi a hankali, ja jawur, har ya rufe mana rana. Dattijon ya ce masuntan garin sun riƙa jiƙa ƙyallayensu da jar ƙasa da ruwan ɓawon itace da kitse don kada ruwan gishiri ya ruɓar da su, shi ya sa aka san jiragen Brixham da wannan launi. Da iska ta cika shi, jirgin ya kwanta gefe guda ya fara gudu. Ƙafa ta daina jin rawar inji, warin man dizal ya ɗauke, katako kawai ke kuka.

Nan ne kyaftin ya kira ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya ɗora masa hannu a kan sandar tuƙi, ya nuna masa tsaunin Berry Head ya ce kada hancin jirgi ya bar wurin. Yaron da ba ya iya zama minti biyar ba waya ya tsaya ƙyam, ya haɗa gira, yana tura sanda da ƙugunsa saboda ta fi ƙarfin hannunsa. Da jirgin ya ɗan kauce ƙyallen ya fara kaɗawa da ƙara, kyaftin bai karɓe ba, ya dai ce masa ya ji inda iska ke dukan kumatunsa. Ya gyara da kansa. Ya waiwayo ya ce, "Baba, ka ga ni nake tuƙa shi?" Uwargida har da hawaye. A lokacin da an ce in ƙara kuɗi da na ƙara.

Su ma masu shigar ba 'yan talla ba ne, abin sha'awarsu ne, da kuɗin aljihunsu suke yi. Wata mata ta nuna mini rigarta ta ulu da ta ɗinka da hannu, har maɓallan. Bindigarta irin mai ƙanƙara ce, ta ce sai da lasisin 'yan sanda ake riƙe ta da albarushinta. Da ta harba, warin ya kai ni Ƙofar Kudu ranar hawan Sallah, lokacin da 'yan bindiga ke wucewa. Na tambaye ta ko mutanen da suke kwaikwayo sun taɓa zuwa wajenmu. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce Bartholomew Roberts, wanda daga baya ya zama shugaban 'yan fashin teku, a jirgin bayi yake aiki a Anomabu, ƙasar Ghana ta yau, lokacin da 'yan fashi suka kama shi a 1719. A Ouidah, ƙasar Benin ta yau, mutanensa suka ƙona wani jirgi da bayi ɗaure a ciki. Aka kashe shi a 1722 kusa da gaɓar Gabon, aka rataye mutanensa 52 a Cape Coast da ke Ghana ta yau, baƙaƙen da ke cikin jirginsa kuma aka sayar da su bayi. Ta faɗi wannan a gaban yara Turawa da iyayensu. Na ji daɗin hakan ƙwarai.

To sai abinci. Tun wajen biyan kuɗi akwai gurbin da ake rubuta abin da mutum ba ya ci. Na rubuta ba ma cin alade, ba ma shan giya, na kuma aika saƙo aka amsa mini cewa an gani. Da aka jefa anka aka buɗe kwando, burodi ne da naman alade, duka. Abin sha kuma giyar ram da aka sirka da ruwa, wai irin ta matuƙan da, sai wani lemon kwalba da bai ishi yaran cikin jirgin ba. Kowa ya san sojan ruwan Birtaniya da kansu sun daina rabon wannan giya tun 1970, amma ni da na biya cikakken kuɗi ita aka miƙo mini. Yarana suka wuni a kan busasshen biskit da aka kawo don nuni, wanda sai an jiƙa shi kafin haƙori ya shiga, da tuffa ɗaya-ɗaya. Ƙaramar ta yi ta kukan yunwa, ga sanyi, ga jiri ya fara kama ta. A tsakiyar ruwa ina za ka je ka sayo?

Ma'aikatan sun ji kunya, na ga alama a fuskarsu, sun ce ofis bai sanar da su ba. Kyaftin ma da ya ga ina neman wurin sallar azahar ya duba kamfas ya nuna mini kudu maso gabas, ya sa aka kwashe igiyoyi aka ba ni fili. Allah ya saka masa. Amma wannan kirkinsa ne shi kaɗai, bai wanke waɗanda suka karɓi kuɗina ba. Na rubuta musu ina neman a mayar mini da kuɗin abincin, amsar da na samu ita ce za su ba ni rangwame in na sake zuwa. Rangwame a kan me? Abin da ya fi ci mini rai shi ne sun tambaya da kansu. Da ba su tambaya ba, da uwargida ta soya mana kaza mun tafi da abinmu.

Ɗana yana ta naci mu koma baɗi, kuma wataƙila mu koma saboda shi. Wanda zai je ya tafi da abincinsa da rigar sanyi mai kauri da safar hannu, kada ya biya kuɗin cin rana. Ni kam har yanzu ina bin su nawa.