Dell WD19 ta hannu: abin da ya kamata mai laftof ya duba kafin ya biya

A shagunan kwamfuta na tsakiyar Kaduna, daga Ahmadu Bello Way zuwa kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ana yawan samun wata baƙar na'ura mai siffar ƙaramin bulo a cikin kayan ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Ita ce dok ɗin Dell WD19, wadda ta fito a 2019. Aikinta shi ne ta tattara babban allo da madannai da linzami da wayar intanet da caji, ta miƙa su ga laftof ta waya guda ɗaya, ta yadda ma'aikacin da ya iso ofis zai soka wayar kawai ya kama aiki. Na yi aiki da ita, kuma a ganina kaya ce mai ƙwari, sai dai amfaninta ya dogara ne kacokan a kan laftof ɗin da za a jona mata.

Ta fuskar kafofi ba ta da rowa. Tana da kafofin jona allo, wato DisplayPort biyu da HDMI ɗaya, da USB na gargajiya guda uku, da USB-C, da kafar wayar intanet mai gudun gigabit ɗaya. Ƙanwarta WD19S kusan iri ɗaya ce, illa dai an cire mata kafar lasifikar kunne.

Inda masu saye suka fi yin asara shi ne kafar USB-C ta laftof ɗinsu. Siffar kafar iri ɗaya ce a kowace kwamfuta, amma abin da ke bi ta cikinta ya bambanta ƙwarai: wata bayanai kawai take ɗauka, wata tana karɓar caji, wata kuma tana fitar da hoto ta tsarin DisplayPort. Wannan na ƙarshe shi WD19 take buƙata, kuma idan babu shi, linzami da madannai za su iya yin aiki, amma allon zai zauna baƙi ƙirin ko da an kwana ana cirewa ana mayarwa. Don haka a duba gefen kafar da kyau. Alamar walƙiya tana nufin Thunderbolt, wani tsarin kafa da shi ma ke fitar da hoto, harafin D mai ɗauke da P a ciki kuma yana nufin kafar tana fitar da hoto. Idan ba a ga ko ɗaya ba, a nemi takardar bayanin samfurin a shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, domin maganar "ai duk ɗaya ne, Alhaji" da akan ji a bakin kanta ba hujja ba ce. Ko a tsakanin masu fitar da hoton ma akwai fifiko. Laftof mai DisplayPort 1.2 za ta ba da allo biyu na 1080p lafiya lau, amma allon 4K, mai hoto mafi kaifi, zai tsaya a 30Hz, wato sabunta hoto sau 30 kacal a daƙiƙa, inda za a ga kibiyar linzami tana tafiya da ɗan tsalle-tsalle mai gajiyar da ido. Sai mai DisplayPort 1.4 ce ke kai shi 60Hz.

Sai batun wuta. Ana sayar da na'urar da caja mai wat 130 ko mai wat 180, kuma lambar da ke jikin cajar ba ita ce ke isa laftof ba, saboda dok ɗin kanta tana cin nata rabon. Mai wat 180 tana ba kwamfutar Dell wat 130, amma kwamfutar wani kamfani ba ta samun fiye da wat 90. Wannan ya wadaci yawancin laftof na ofis irin su ThinkPad da EliteBook, amma bai isa manyan kwamfutocin zane da haɗa bidiyo ba, waɗanda batirinsu zai iya raguwa alhali suna jone. Tunda kayan na hannu ne, sau da yawa dok takan zo daban, cajarta daban, mai shago ya haɗa ta da wadda ya samu. A juya cajar a karanta rubutun bayanta, kuma a sa farashinta cikin ciniki tun farko, don cajar asali ita kaɗai ba ta da arha.

Ga mai MacBook ba zan ba da shawararta ba idan allo biyu yake so. Tsarin macOS ba ya raba hoto ta hanyar da wannan dok ke bi, saboda haka allunan biyu abu ɗaya za su nuna. Dama can MacBook Air ta 2020 mai ƙwaƙwalwar M1 allo ɗaya take ɗauka na waje, sai dai a bi ta na'ura mai DisplayLink, wata fasahar ƙara allo ta USB, wadda ita kuma sai an saka mata manhaja. Maɓallin kunnawa da ke saman dok ɗin ma an yi shi ne don kwamfutocin Dell.

Wayarta a manne take, tsawonta kusan mita ɗaya, kuma wuyanta kusa da baki ne ke fara gajiya a hannun masu amfani na farko. A lanƙwasa wurin a hankali allo yana kunne. Idan hoton ya ƙifta, a ajiye ta a ɗauki wata. Akwai kuma ƙaramar fanka a ciki, wadda ƙurar hunturu ba za ta ƙyale ba, don haka a kasa kunne a ji ko tana ƙara. Na'urar ba ta da batiri, kuma da zarar an ɗauke wuta, allo da intanet da duk wani faifan ajiya da ke jikinta za su yanke lokaci guda, ko da laftof ɗin na nan kunne. Wanda ke kwafar manyan fayiloli ya ɗora ta a kan inbata ko UPS.

Duk wannan gwaji ba shi da amfani idan an yi shi da kwamfutar mai shago, wadda galibi Dell ce da aka san tana karɓa. Mai saye ya tafi da tasa, ya sa a jona allo biyu a gabansa, ya gwada kowace kafa da filashi, sannan a rubuta masa a rasit kwanakin da aka yarda zai iya dawo da ita.