Wace Python ce ke tuƙa shirinka? Kafin ka zaɓi hanyar dubawa

Python harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta ne, kuma kwamfuta guda takan ɗauki sigarta biyu ko uku, mai ita bai ma sani ba. Kafin ka ƙara wa shirinka umarnin nuna siga, wato lambar fitowar Python kamar 3.8 ko 3.11, ka san hanyoyin ba darajarsu ɗaya ba.

Wadda kowa ya iya ita ce buga python --version. Ita ce ta kayar da ni. Bara na rubuta wa wani Alhaji mai sayar da wake a babbar kasuwar Maradi shirin lissafin buhuna, na sa match a ciki, wani salon rubuta zaɓi a Python wanda sai a 3.10 ya shigo. Na duba kwamfutarsa ta ce 3.11, na koma gida hankali kwance. Washegari sai ga kira: "Malam, abin nan naka ya ƙi tashi." Ashe in an danna fayil ɗin, wata tsohuwar 3.8 da yaron shago ya saka ce ke amsawa. Umarnin python --version yana faɗin wadda ya fara samu a PATH ne kurum, wato jerin wuraren da kwamfuta ke neman shiri. Kabu-kabu huɗu na biya ranar, da zafin Afrilu.

Rubuta lambar da hannu cikin shiri kuwa, ranar da aka sabunta ta zama ƙarya. Wata hanyar, platform.python_version(), lamba tsirara take bayarwa, ba ta nuna inda Python ɗin take.

Ni dai argparse nake so, kayan Python mai karanta umarnin da aka buga wa shiri, da action="version" mai sa shi nuna siga, in haɗa masa sys.version da sys.executable. sys.version yana ba ka siga har da ranar da aka gina ta, sys.executable kuma yana nuna ainihin inda fayil ɗin Python yake zaune, kuma shi ne zai tona asirin tsohuwar nan ta Alhaji. Ba ka sauke komai ba, tare da Python yake zuwa, megas ɗinka na nan. Amma a kula: tsohuwar siga ba ta ma iya karanta fayil mai match, balle ta kai ga nuna lamba. Don haka ka yi ƙaramin fayil na shiga da sassauƙan rubutu, ya duba sys.version_info, ya buga sigar a layin farko, sannan ya kira sauran.

Sai masu sayar da Python a kile, wato USB. Wani zai ce yana da "Python cikakkiya" jaka biyu. Kyauta ce a python.org! Abin da ke cikin kilen, Allah kaɗai ya san me aka cusa masa. In ya ce ya sa maka 3.12 a Windows 7, ba ta hukuma ba ce, domin 3.8 ce ta ƙarshe da ta yarda da shi. In 2.7 ya ba ka, tun 1 ga Janairu 2020 aka daina gyara ta. Haka wajen pip, umarnin sauke ƙarin kunshin Python, ka karanta sunan kunshi harafi-harafi, ɓarayi na sauya harafi guda su ɗora nasu na jabu.