Gargaɗi ga mai tafiyar aiki Japan: hattara da masu sayar da tikitin taron anime na bogi

Wannan gargaɗi ne ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da aiki ya kai shi Japan, ya tarar cewa kwanakinsa sun zo daidai da wani babban taron masoya fina-finan zane na ƙasar, waɗanda ake kira anime, har ya fara tunanin ko ya ware wuni guda ya je ya kashe ƙwarƙwatar idonsa. Irin wannan dacewa tana faruwa fiye da yadda ake zato. A shekarar 2025, alal misali, an yi Comiket, ɗaya daga cikin manyan tarukan masoya zane, a birnin Tokyo ranakun 16 da 17 ga Agusta, sannan aka buɗe TICAD, taron Japan kan ci gaban Afirka, karo na 9 a Yokohama ranar 20 ga watan, wanda ya tara jami'an gwamnatoci da 'yan kasuwa daga ƙasashen Afirka, kuma tsakanin biranen biyu tafiyar ƙasa da awa guda ce a jirgin ƙasa. Haka kuma taron AnimeJapan, wanda aka fara a 2014, yana zuwa ne a watan Maris, lokacin da masu zuwa kwas da tarukan kasuwanci ba su yankewa.

Zuwa kallon ba laifi ba ne, kuma takardar izinin shiga ta ɗan gajeren zama ba ta hana mutum shiga taron jama'a a ranar hutunsa. Matsalar tana wajen masu sayar da tikiti a bayan fage, domin mai tafiyar aiki shi ne irin abokin cinikin da suka fi so. Bai yanke shawara da wuri ba, sai da ya ga jadawalin aikinsa ya bar masa Asabar ko Lahadi. Ba ya jin Japananci, ba shi da lambar wayar ƙasar, kuma sau da yawa katin bankinsa na gida ba ya wucewa a shafukan sayar da tikiti na can. A aljihunsa akwai kuɗin guzuri da ofis ya ba shi, nan da 'yan kwanaki kuma zai hau jirgi ya bar ƙasar. Abin da ya fi duka yi wa ɗan damfara daɗi shi ne kunya: babban ma'aikaci mai iyali ba zai so abokan tafiyarsa, balle shugabansa, su ji cewa an cuce shi wajen neman tikitin kallon katun ba, saboda haka sai ya haɗiye abin ya yi shiru.

Kafin a gane inda zambar take, sai an san yadda shiga ta gaskiya take. Comiket, wato Comic Market, an fara shi ne a Disambar 1975, ana kuma yin sa sau biyu a shekara, a Agusta da ƙarshen Disamba, a babban zauren baje koli na Tokyo Big Sight da ke unguwar Ariake. Asalinsa kasuwa ce ta masu zane da ke buga littattafansu da kansu suna sayarwa a kan tebura, ko da yake kamfanoni ma suna da nasu ɓangaren, ga kuma masu shigar kwaikwayon jaruman zane. A Disambar 2019 an ƙiyasta masu shiga sun kai 750,000 cikin kwana huɗu. Shekaru da dama shiga kyauta ce, sai a 2019 aka kawo tsarin munduwar takarda da ake ɗaurawa a wuyan hannu, kuma tun bayan annobar korona shigar ta zama ta kuɗi, an kasa ta zuwa ta masu shiga da wuri, da ta safe, da ta rana. Ana sayar da munduwar a sanannun shagunan kayan anime irin su Animate da Melonbooks, kowace da ranarta. A shekarun baya-bayan nan ta safe ba ta kai yen (kuɗin Japan) 2,000 ba, ta rana kuwa ta fi wannan araha nesa ba kusa ba. Wannan farashi ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk wanda ya nemi yen 10,000 ko 20,000 a kan shiga ta gama-gari, ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne.

Yawanci abin yana farawa ne daga tambayar da matafiyin ya yi da kansa. Ya rubuta a X ko a wani rukunin Facebook ko Discord cewa yana Tokyo kan aiki, yana da kwana ɗaya, ko akwai wanda ya san yadda ake samun tikiti. Cikin ɗan lokaci sai saƙo ya shigo masa ta akwatin sirri daga wani mai hoton jarumar zane a maimakon fuskarsa, cikin Turanci mai ladabi, yana cewa ya saya wa kansa da abokinsa, amma abokin ya kamu da rashin lafiya, ko kuma shi ma aiki ya riƙe shi, kuma ba riba yake nema ba, kuɗinsa kawai yake so ya mayar. Zai turo hoton tikiti mai lambar QR an rufe rabinta da ɗan zane, da hoton saƙon imel na shaidar saye an goge suna. Sannan ya ƙara da cewa akwai wasu mutum biyu da ke jira, amma da yake kai baƙo ne daga nesa ya fi so ya ba ka, in dai za ka biya cikin minti 30. Wannan gaggawar ita ce kan gaba a sana'ar, domin duk abin da ake so shi ne kada ka sami sararin buɗe shafin masu shirya taron ka karanta.

Daga nan sai maganar biya. Ba zai yarda da hanyar da ake iya dawo da kuɗi ba. In PayPal ne, zai ce a tura ta sashen abokai da dangi don kada a cire kamasho, alhali wannan sashen ba ya cikin kariyar da kamfanin ke bai wa mai sayen kaya. In ka ce katinka ba ya aiki, zai nuna tausayi, ya ba ka mafita: ka sauka daga otal ka shiga kantin da ke buɗe dare da rana a bakin titi, ka sayi katin kyauta na Apple ko Amazon, ka kankare bayansa ka ɗauki hoton lambar ka turo. 'Yan sandan Japan sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan salo, har za ka ga an liƙa sanarwa kusa da inda ake rataye katunan a irin waɗannan kantuna. Wani kuma zai nemi USDT, wani nau'in kuɗin intanet (kirifto). Duk ɗaya ne: da zarar lambar ta fita daga wayarka, galibi kuɗin ya tafi, kuma ba wani banki da zai bi maka sawunsa.

Abin da ke biyo baya iri biyu ne. Ko dai ya toshe ka nan take, wanda a ganina shi ne mai sauƙin, tunda aƙalla ka san matsayinka tun da dare, ko kuma ya turo maka cikakken hoton lambar QR ka kwana da murna. Washegari ka hau jirgin layin Rinkai ka sauka a tashar Kokusai-Tenjijo da ke kusa da zauren taron, ka bi layin dubban mutane cikin zafin Agusta mai ɗanɗano, gumi ya jiƙa maka riga, sai ka isa gaban ma'aikacin sa-kai ya dubi wayarka ya dubi wuyan hannunka, ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya nuna maka gefe. Hoton lamba ba tikiti ba ne. Ana iya sayar da hoto guda ga mutum goma, kuma ko da asalinsa na gaske ne, wanda ya riga kowa isa ƙofa shi kaɗai zai shiga. Tikitin masu shiga da wuri kuwa yana ɗauke da sunan wanda ya saya, ana kuma duba shi da katin shaida, saboda haka ko da mai sayarwar bai yi ƙarya ba game da mallakarsa, ba zai yi maka amfani ba.

Akwai wani tayin da ya fi wannan jan hankali, wato tikitin masu tebur. Ana bai wa kowane rukunin masu zane 'yan tikitin da za su shiga da su kafin a buɗe wa jama'a don su shirya kayansu, kuma masu shirya taron sun haramta sayar da su. Ɗan damfara zai tallata maka shi da cewa ba layi, ba zafin rana, za ka gama ka koma otal kafin azahar, abin da kuwa mai ƙarancin lokaci ke so ya ji ke nan. Kwaɗayi mabuɗin wahala: ko na jabu ne ka yi asara, ko na gaske ne ka shiga ta hanyar da aka hana. Ya kamata kuma a sani cewa tun ranar 14 ga Yuni 2019 Japan tana da dokar da ta haramta sana'ar sake sayar da wasu nau'o'in tikitin wasanni da nishaɗi sama da farashinsu ba da izinin masu shiryawa ba, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara guda, ko tarar yen miliyan 1, ko duka biyun. Wanda ya zo ƙasar da sunan ma'aikatarsa ba shi da dalilin kusantar cinikin da ke gefen irin wannan doka.

Asarar kuɗin tikiti ƙarama ce idan aka gwada ta da abin da wasunsu ke nema a zahiri. Mai sayarwar zai ce sai ya canza sunan da ke kan tikitin zuwa naka, don haka ka turo hoton shafin farko na fasfo ɗinka, da hoton fuskarka riƙe da shi. Ko kuma ya turo adireshin wani shafi da ya yi kama da na masu taron, tambari da launi duk daidai, harafi ɗaya ko biyu kawai suka bambanta a adireshin, inda za ka cike lambar kati da lambobi uku na bayansa da lambar sirrin da banki ya turo maka. Mai tafiyar aiki yakan yi wannan a kwamfutar ofis, a intanet ɗin otal, wani lokaci ma da katin kamfani da niyyar zai mayar da kuɗin daga baya. Daga nan magana ta tashi daga sha'awar mutum ɗaya ta koma bayanin da zai yi wa sashen kuɗi da sashen kwamfuta na ma'aikatarsa. Kada a manta kuma da masu tallar ɗakin otal da sunan wakilan taro, waɗanda aka fi sani a manyan tarukan Amurka irin su Anime Expo na Los Angeles, inda suke kira ko su turo imel cewa ɗakunan da aka tanada sun kusa ƙarewa. A Tokyo ma tsakiyar Agusta lokacin hutun Obon ne, masauki yana tsada, don haka wanda ke son ƙara kwana ɗaya a kan na ofis ya yi magana da otal ɗin da yake ciki kai tsaye.

Shawarata ita ce a yanke hukuncin zuwa ko rashin zuwa kafin a yi magana da kowane mai sayarwa, kuma a yanke shi a kan abin da ƙofar halak ta bayar. Shafin Comiket yana da bayani da Turanci domin baƙi, kuma adireshinsa a rubuta shi da hannu ko a nemi ma'aikacin otal ya buɗe maka, kada a bi wanda wani ya turo. In munduwar safe ta ƙare, ta rana takan fi sauƙin samuwa, kuma ga wanda kallo ya je yi, ba farautar wani littafi da zai ƙare da wuri ba, shigar rana ta wadatar, layinta ma ya fi sauƙi. Abokin aiki ɗan ƙasar zai iya raka ka shago a unguwar Akihabara ko Ikebukuro da ke Tokyo cikin rabin awa bayan an tashi. Sai dai a auna sauran abubuwa da gaskiya: wuni ne na tsayuwa da tafiya a cunkoso, wanda zai iya barin mutum a gajiye ranar da zai gabatar da jawabi, kuma wani ɓangare na littattafan da ake sayarwa a Comiket na manya ne zalla, abin da ba kowa ne zai so ya tsinci kansa a tsakiyarsa ba, musamman in da abokan aiki ya je. Wanda ya ga tikitin halak bai samu ba, ya haƙura da taron. Shagunan kayan anime na Akihabara da na ginin kasuwar Nakano Broadway suna buɗe kullum ba tare da tikiti ba.

Wanda kuma ya riga ya biya, kada kunya ta sa ya ɓata lokaci. Ya ɗauki hoton duk hirar da sunan asusun kafin a goge, ya kira bankinsa nan take a rufe katin, ya nemi a ƙalubalanci cinikin in da kati ya biya. In katin kyauta ne, ya ajiye katin da rasit ɗin kanti, ya sanar da kamfanin da ya fitar da shi, domin wani lokaci ba a riga an kwashe kuɗin ba. Ya je ƙaramin ofishin 'yan sanda da ake kira koban, wanda ake samu kusa da yawancin manyan tashoshin jirgi, da fasfonsa a hannu, ya bayar da rahoto kafin ya bar ƙasar. In ya tura hoton fasfo, ya sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. In kuma kwamfutar ofis ko katin kamfani ya shiga cikin lamarin, ya faɗa wa ma'aikatarsa a ranar. Bayan haka ya sa ran wani saƙon zai zo daga wanda zai ce shi ƙwararre ne wajen ƙwato kuɗin da aka sace, yana neman a ba shi wani abu na somin-taɓi. Kada a amsa masa, a haɗa saƙonsa da sauran shaidun da za a miƙa wa 'yan sanda.