Zagayen tsohon garin Lubek da ɗan rakiya: kuɗinmu bai faɗi ba, gwiwar Kawu ce ta sha wuya

Kawu ya zo wurina a Hambug da ke ƙasar Jamus, kwana biyar ke nan yana zaune a ɗaki har ya fara ƙorafi, sai na ce ranar Asabar mu leƙa Lubek. A jirgin ƙasa tafiyar ba ta wuce minti 45 ba. Tun a gida na biya ta intanet kuɗin irin zagayen nan na awa biyu a ƙafa, ɗan rakiya yana bayani da Turanci, ni kuma ina yi wa Kawu tafinta.

A Holstentor muka haɗu, ƙofar garin nan mai hasumiya biyu da aka gina da jan bulo tsakanin 1464 da 1478. In ka tsaya daga gefe za ka ga ta ɗan karkata, don ƙasar wurin fadama ce, nauyi ya sa ta nutsa. Ɗan rakiyar ya fito da tsohuwar takardar mak 50 ta Jamus daga aljihu, ga hoton ƙofar a bayanta. Wannan dabara ta burge ni.

Kawu kuwa ba a nan hankalinsa ya tsaya ba. Dab da ƙofar, a bakin kogin Trave, akwai tsofaffin rumbunan gishiri guda shida a jere. Daga Lunebug ake kawo gishirin, a tara nan, a loda wa jiragen ruwa zuwa ƙasashen tekun Baltik inda ake adana kifi da shi. Da wannan ciniki Lubek ta zama uwa a ƙungiyar fatake ta Hansa. Ina gama fassarawa Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, ɗana, ashe fataken gishiri ne! To ai da su da ayarin Bilma duk jirgi ɗaya ya kwaso su, raƙuma ne kawai babu." Daga nan ya daina kallon garin kamar baƙo.

Abin da ya sa na ce kuɗin ya halatta shi ne lungunan. Tsohon garin tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi, da mutane suka yi yawa sai attajirai suka riƙa gina wa ma'aikata ƙananan gidaje a bayan nasu. Ƙofar shiga wani ɗan rami ne a jikin bango, wanda da ni kaɗai ne sai in wuce shi sau goma ban lura ba. Dole ka sunkuya. Kawu dogo ne, hularsa ta bugi saman ta faɗo, wata tsohuwa Bajamushiya ta ɗauko ta karkaɗe ta miƙa masa. Kana fita ɗaya ɓangaren sai ga tsakar gida tsit, gidaje kamar akwatin ashana, tukwanen furanni a bakin ƙofa, keken yaro jingine da bango. Har yau mutane na zaune ciki, shi ya sa aka ce mu rage murya. Ana cewa sharaɗin ginin ɗaya ne a da: faɗin lungun ya isa a fito da akwatin gawa.

A cocin Marien an nuna mana ƙararrawa biyu da suka faɗo daga hasumiya a daren 28 ga Maris 1942, lokacin da jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan bama-bamai. An bar su inda suka faɗi, a farfashe, daɓen ƙarƙashinsu ya lotsa. Ɗan rakiyar bai yi dogon surutu a nan ba, kuma ya kyauta.

Sai dai akwai abin da ya ɓata mini rai. Kuɗin shiga cocin ba ya cikin abin da na biya, kuma masu shirya zagayen ba su faɗa ba sai da muka isa ƙofa. Mun yi yawa, na baya ba ya jin magana. Ga sauri, kamar ana korarsa. Titunan duk dutse ne mai tudu da kwari, Kawu ga ciwon gwiwa, ba a tsaya ko sau ɗaya a zauna ba. Asibitin Heiligen-Geist na 1286, wanda ke da 'yan ɗakunan katako da tsofaffi suka zauna ciki har 1970, a guje muka wuce shi. Mai zuwa da dattijo gara ya ɗauki jirgin ruwan da ke kewaya tsibirin, ya nemi lungu biyu ko uku daga baya a tsanake.

An sallame mu gaban shagon Niederegger, masu yin alawar marzipan tun 1806. Niƙaƙƙen almon ne da sukari. A duba takardar jiki kafin a saya, wasu da barasa a ciki. Kawu ya gutsura, ya tauna, ya ce, "Tunkuza ce aka zuba wa sukari." Duk da haka kwali uku ya sa na saya, wai tsarabar jikoki, ɗaya bai kai Hambug ba.