Ta jijiya ko ta ƙashi: ina za a bi da magani idan zuciya ta tsaya?

Ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya sun sha yi mini wannan tambayar. Wanda zuciyarsa ta tsaya jijiyoyinsa sukan lafe, sai ka yi ta lalube a hannu, ga wani na danna ƙirji. Shi ya sa da yawa suka koma huda ƙashin ƙwauri ko na kafaɗa da ɗan inji, maganin ya bi ta ɓargo.

Wajen sauƙi, ta ƙashi ce gaba. A binciken Denmak na 2024, kashi 92 cikin ɗari sun samu hanya cikin gwaji ɗaya ko biyu, ta jijiya kuwa kashi 80. Sai dai samun hanya daban, tashin mutum daban. Binciken PARAMEDIC-3 na Birtaniya, mai mutum sama da 6,000, ya nuna waɗanda suka kai kwana 30 a raye: kashi 4.5 ta ƙashi, 5.1 ta jijiya. Kusan kunnen doki ke nan.

Allurar ƙashi kuma tsada gare ta, ba kamar kanula ba, wato ƴar robar da ake sakawa a jijiya.

Wanda hannunsa ya faɗa, kuma jijiya na ganuwa, ya fara da ita. Ta ƙashi ta dace da ƙananan yara, da wanda aka gwada jijiyarsa sau biyu ba a dace ba.