Hoton Zwift: maɓallin F10 ko manhajar waya?

Masu tuƙa keke a ɗaki da Zwift (manhajar da ke nuna ka a allo kana tuƙi a hanyoyin cikin wasa) a nan Zariya, yawancinmu hanya biyu muke bi wajen ɗaukar hoto: ko dai F10 a kwamfuta, ko alamar kyamara a manhajarsa ta waya, Zwift Companion.

Kwamfuta ta fi ba ka iko. Lambobi 1 zuwa 9 suna sauya kusurwar kyamara, 0 kuma ta ɗaga ta sama kamar jirgi mara matuƙi, ka juya ta yadda kake so. Danna H, duk lambobin da suka cika allo su ɓace, sai kai da dutse. A kwane-kwanen nan 21 na Alpe du Zwift, dutsen da ake hawa a wasan, hoton sama ya fi komai kyau. Matsalar ita ce miƙa hannu. Kana haki, zufar watan Afrilu tana ɗiga daga gwiwar hannunka kan madannai, kafin ka lalubo F10 wurin ya wuce.

Waya kuwa tana ɗaure a kan hannun keke, taɓawa ɗaya an gama. Sai dai dole ita da kwamfutar su hau intanet ɗaya, kuma jiƙaƙƙen yatsa ba ya jituwa da gilashi. Ajiye tawul kusa.

Ni dai in tsere ne, waya. In yawo ne a Watopia, ƙirƙirarriyar duniyar Zwift, kwamfuta. Wajen turawa abokai a Samaru ko Sabon Gari ta WhatsApp, zaɓi HD, in ba haka ba hoton zai dushe.