Na ɗaga ƙaramar motata don ta shiga burji: abin da na gani bayan wata 14

Motata ƙarama ce, mai jan gaba, injin lita 1.6, irin wadda ake sauke yara a makaranta a wuce wurin aiki. Wata 14 ke nan da aka ɗaura mata kayan da masu sayarwa ke kira kunshin rali (rali shi ne tseren motoci a hanyoyin daji da kwalta): zobban ɗaga mota na milimita 40, farantin alminiyum da ke kare ƙarƙashin inji, da tayoyi masu gwaɓin haƙori na kwalta da daji. Na yi wajen kilomita 19,000 da su, kusan kashi ɗaya cikin uku a kan burji da hanyar gona. Ina jin yanzu na isa in yi magana a kansu.

Dutse ne ya jefa ni cikin wannan harka. Wata rana da yamma ina bin wata hanya da manyan motoci suka ƙwaƙule gefe biyu suka bar tudu a tsakiya, sai na ji gum a ƙarƙashin ƙafata. Ban yi mita 300 ba jar fitilar mai ta kama. Da na leƙa, kaskon baƙin mai ya tsage, man yana zuba kamar an buɗe famfo. Allah Ya sa na kashe injin nan take, da ya tafi shi ma. A daren nan, maimakon in yi barci, sai na ɓige da kallon bidiyon gasar Safari ta Kenya, wadda aka fara tun 1953. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne motocin da suka yi suna a can ba jif-jif ba ne. Peugeot 504 ce Ove Andersson ya ci gasar da ita a 1975, motar iyali mai jan baya kawai, tun kafin Audi Quattro ta zo da jan ƙafa huɗu a farkon shekarun 1980 ta sauya lissafi. Na ce wa kaina, to ni me zai hana? Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, waɗancan motoci tun daga ƙashin bodi aka sake musu walda, kuma ayarin makanikai ne ke jiran su a kowane zango.

Bari in fara da tayoyin, domin su ne suka fi biyan kuɗin sabulu. Motar ta zo da taya mai lambar girma 205/55 a kan rim mai inci 16. Na koma 205/70 a kan rim 15 na ƙarfe. Wanda bai sani ba zai ga kamar an ci baya, amma haka masu rali suke yi: rim 15 a kan tsakuwa, rim 18 a kan kwalta. Dalilin shi ne kumatun taya, wato gefen robar da ke tsakanin rim da haƙorin taya. Na da tsayinsa milimita 113 ne, na yanzu kusan 144, kuma wannan ƙarin roba da iska shi ke shanye dukan dutse kafin ya kai ga rim. A da duk damina sai na lanƙwasa rim ɗaya aƙalla. A wata 14 ɗin nan faci ɗaya na yi, shi ma ƙusa ce, a kan kwalta. Faɗin tayar gaba ɗaya ya tashi daga milimita 632 zuwa 668, wato motar ta ƙara tsayin milimita 18 tun ba a taɓa sifirin ba, kuma wannan ne kaɗai tsayin da ke ɗaga komai da komai, har da ƙarafan da ke manne da ƙafa.

Amma fa akwai abin da za ka biya. Daga gudun 70 zuwa sama tayar tana wani gurnani da ba ya barin a ji rediyo sosai, maiɗakina har ta taɓa tambayata ko wani abu ne ya lalace. Mai ya ƙaru, daga lita 7 a kilomita 100 zuwa dab da 8. Maleji ya koma yin ƙarya, abin da yake nunawa ya gaza ainihin gudun da kusan kashi 6 cikin 100 kan yadda yake da, na gwada da taswirar waya. Motar ta ɗan yi nauyin tashi a giya ta ɗaya. Sannan a kwalta mai ruwa birki ba ya kamawa kamar da, dole na koyi barin tazara. Kafin ka sayi ƙaramin rim, a gwada shi a ƙafar gaba a tabbatar bai gogi kan birki ba. Nawa da ƙyar ya wuce, ratar ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba.

Sirrin tayar kuma yana wurin iska. A kwalta ina barin ta a 32 a ma'aunin iskar taya. In zan shiga yashi ko burji mai kunya-kunya sai in sauke zuwa 22, nan take motar ta daina kaɗa haƙora, ta kwanta a hanya. Sai dai in ka hau kwalta a haka ka taka wuta, tayar za ta yi zafi ta lalace daga ciki. Saboda haka ƙaramin famfon iska mai jona da batir ya zama ɗan gida a but ɗina.

Farantin ƙarƙashi shi ne abin da ba na nadama ko kaɗan. Alminiyum ne mai kaurin milimita 6, an ɗaure shi da noti shida a jikin ƙarfen da ke riƙe da inji. Ranar da aka fara sauke shi don juye na tsaya na ƙare masa kallo. Akwai wani zane mai zurfi da ya taso daga gaba har tsakiya, kamar an ja shi da garma, ga wata loɓawa girman tafin hannu daidai saitin kaskon mai. Ban ma tuna ranar da na yi wannan karon ba. Da babu farantin, da na sake kwana a hanya.

Kurakuransa biyu ne, kuma duka na masu ƙira ne. Ramin da suka huda don noti mai zubar da baƙin mai bai zo daidai ba, ya kauce da kusan yatsa biyu, don haka duk juye sai an kwance farantin gaba ɗaya. Na biyu ya fi haɗari. Tsakuwa tana shiga tsakanin farantin da kaskon ta maƙale, kuma in dutse ya bugi farantin daga ƙasa, wannan 'yar tsakuwar ce za ta huda kaskon kamar ƙusa. Masu rali soso mai tauri suke cusawa a wurin. Babu shi a cikin kunshin, babu ko ambatonsa a takardar bayani, ni na nemo na sa. Ga kuma wani lissafi da ba a faɗa a talla: farantin yana cin tsayi. Ƙarƙashin motata da milimita 140 ne daga ƙasa. Da taya da zobba ya kamata ya kai 198. Da na sa tef na auna daga farantin, 176 na samu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato zobban ɗagawa. Abu ne mai sauƙin gani, wani kauri ne da ake sakawa tsakanin kan shokozoba da bodi, mota ta miƙe tsaye. A ido kam ta yi kyau, har mutane na tsayar da ni suna tambaya. Amma zoben bai ƙara wa ƙafar ko milimita ɗaya na wurin motsi ba, bai kuma sauya shokozoba ba. Ita ce dai ta da, wadda aka ƙera don kwalta. In na yi minti 20 a kan burji mai kunya-kunya, man cikinta ya yi zafi, sai motar ta fara lilo kamar kwalekwale. Motocin rali na gaske abin da suke kashe wa dukiya ke nan, shokozoba mai doguwar tafiya da tankin mai na daban don kada ta yi zafi. Zobe kwaikwayon tsayuwarsu kawai yake yi.

A wata na biyar na fara jin ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da na murɗa sitiyari zuwa ƙarshe. Na kai wa makanikena, dattijo ne da ba ya son yawan magana. Ya sa jak, ya kwanta, ya haska fitila, sannan ya kira ni.

"Malam, sunkuyo ka gani da idonka."

Robar shaf ta dama, wato sandar da ke juya ƙafar gaba, ta yage, giris ya fantsama ko'ina, ƙasa ta shiga ta cakuɗe da shi. Ya nuna mini yadda shaf ɗin ya karkato daga giyabos zuwa ƙafa, maimakon ya tafi kusan a miƙe.

"Ka ɗaga mata jiki ka bar ƙafa a ƙasa. Kullum a lanƙwashe yake juyawa, ina roba za ta jure?"

Na ce, "To Baba, me ya sa masu kayan ba su faɗa ba?"

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Kai ka tambaye su?"

Ban tambaya ba. An canza shaf, bayan wata huɗu na hagu ma ya bi sahu. Kafin nan tayoyin gaba sun fara cin gefen waje, domin ɗagawar ta sa kawunansu sun buɗe waje, kuma alaimen na yau da kullum bai iya maido su ba sai da aka nemo wasu notina na musamman masu ba da damar karkata ƙafar. Su ma ba sa cikin kunshin. Wayar ABS (na'urar hana birki kulle taya) da tiyon birki na baya sun ɗame har sai da aka sake musu maɗauri, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan in na tuna na yi wata biyar ina yawo a haka. A kwana kuma motar tana kwantawa gefe fiye da da. Ba wai za ta kife ba, amma jiki yana gaya maka ka rage.

Akwai abin da duk kunshin nan ba zai taɓa ba ka ba, gara ka sani tun yanzu. Mota mai jan gaba tana nan a mai jan gaba. Na koyi wannan a wani ɗan kwari mai laka, ni da ƙanena. Tayar hagu ta faɗa taɓo tana ta wulwulawa, ta dama tana kan busasshiyar ƙasa ko motsi ba ta yi. Haka difiransha, wato na'urar da ke raba ƙarfin inji ga ƙafafu biyu, ta yawancin ƙananan motoci take, ƙarfin yana zurarewa ta ƙafar da ta fi samun sauƙin juyawa. Ƙanena yana turi, laka ta wanke shi har gira, ya ɗago ya ce, "Yaya, ina ralin?" Sai da muka tona, muka jera itace, muka sauke iska, sannan ta fita. Tun daga ranar shebur da igiyar ja ba sa barin motar. In za a ja ka, a ɗaura a ainihin ƙugiyar ja. 'Yan madaukan da ke ƙarƙashi na ɗaure mota a kan tirela ne, fizga ɗaya za su iya tsinkewa su yi tsalle kan mutum. Ruwa kuma ban yarda in gwada ba. Bakin da injina ke shaƙar iska yana bayan bamba, ƙasa-ƙasa, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Shi ya sa kake ganin motocin Safari da dogon bututu har saman gilashi.

Kariyar ɗaukar kaya ta saman rufi da doguwar fitila da aka haɗo mini a matsayin kyauta, sati uku suka yi na kwance su. Kariyar fito take yi a iska tana ƙara shan mai, fitilar kuma makantar da masu tahowa take yi, ƙasashe da yawa ma sun hana kunna irinta a kan titi.

Da za a maido ni baya, taya da faranti zan saya, in tsaya nan in yi wata shida ina gani. Wanda hanyarsa burji ce da ramuka, waɗannan biyun sun ishe shi. Wanda dole sai ya ɗaga, ya nemi dogon sifirin da shokozobar da aka ƙera su tare, ya kuma tambayi batun shaf da alaimen kafin a kwance noti ɗaya. Wanda kuma laka da yashi mai zurfi ne gabansa kullum, mota mai jan ƙafa huɗu yake buƙata, irin su Subaru Forester da ke fitowa daga kamfani da tsayin milimita 220.

Watan jiya na sa aka cire zobban 40 aka sa na 20. Motar ta ɗan rusuna, masu tsayar da ni a hanya sun ragu, na auna farantin ya dawo 156 daga ƙasa. Duk ranar Asabar ina murɗa sitiyari zuwa ƙarshe, in durƙusa in shafa robar shaf da hannu. Zuwa yanzu dai a bushe nake jin ta.